Sauya injin jirgin kamun kifi: a fara da tef ɗin awo kafin a nufi kasuwa

Wani masunci daga yankin Yauri ya aiko da tambaya. Yana da jirgin katako mai tsawon kusan mita 9, yana su a tafkin Kainji, ranar kasuwa kuma yakan lodo banda da buhuna ya tsallaka da su. Injinsa mai ƙarfin doki 15 ya tsufa, kwanansa a wurin gyara ya fi kwanansa a ruwa. Yana son sayen mai doki 40, ya kuma sa sitiyari da akwatin giya a tsakiyar jirgi kamar yadda yake gani a jiragen faiba. Tambayarsa ita ce, me zai duba, kuma zai iya haɗawa da kansa?

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarka biyu ce a dunƙule, sauya inji daban, sa sitiyari daban, kuma ta farkon ta fi ta biyun nauyi nesa ba kusa ba. Na daɗe ina kwance injunan jirgi ina ɗaurawa, kuma yawancin waɗanda suka dawo mini da kuka ba injin banza suka saya ba. Inji mai kyau suka saya, sai dai ba na jirginsu ba ne. Saboda haka kafin ka taka kasuwa, ka ari tef ɗin awo ka zagaya bayan jirginka.

Auna allon baya, wato katakon da ake maƙala inji a kansa, daga bakinsa na sama zuwa ƙasan jirgi, a daidai tsakiya. Injunan nan ana yin su da tsawon ƙafa iri-iri: gajeriyar ƙafa ta allo mai inci 15 ce, doguwa ta mai inci 20, akwai kuma ta inci 25 wadda ba kasafai ake buƙatarta a irin jiragenmu ba. In ka duba ƙafar inji, sama da farfela kaɗan za ka ga wani faffaɗan faranti a kwance. Wannan farantin shi ne ma'auni. Ana so ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da kamar inci ɗaya. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ka ji inji yana ihu jirgi ba ya tafiya, famfon ruwa kuma ya rasa abin ja, inji ya yi zafi. In ya nutse da yawa, ƙafar tana jan ruwa kamar wanda ke gudu da babbar riga a cikin kogi, mai yana ƙonewa a banza, kuma ita ce farkon abin da zai gamu da kututture. Ka fi ni sanin tafkin nan: tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye dazuka da garuruwa, itatuwan da aka bari kuwa suna nan a tsaye a ƙasa, da ruwa ya ja baya lokacin bazara sai su matso kusa da sama. Inci biyar na ƙarin ƙafa da ba ka buƙata na iya zama sanadin fasa maka giya.

Bayan tsayi sai lafiyar katakon. Ɗauki sukudireba ka caccaka allon, musamman wurin da tsohon inji ya daɗe yana cizo da kuma kusurwoyin da ya haɗu da jikin jirgi. In ƙarfen ya shige kamar cikin rogo dafaffe, ka ajiye maganar inji tukuna ka kira kafinta. Ga dalili. Yamaha Enduro mai doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne. Mai doki 40 ya haura kilo 70. Nauyi ya kusa ninkawa, ƙarfin turawa ya kusa ninkawa sau uku, kuma duk a kan katako guda zai sauka. Ni ba na ɗora doki 40 a allon da kaurinsa ya gaza inci 2 na katako mai ƙwari irin maɗaci ko kawo, da ƙafafun tallafi biyu daga ciki da suka ɗaure shi da ƙasan jirgi. Na taɓa ganin jirgi ya dawo gaci da filafili, allon baya ya yage kamar an ɓare gyaɗa, sabon injin da bai cika wata biyu ba yana kwance a ƙasan ruwa. Mai shi bai ɗaure shi da ko igiya ba. Ƙusoshin maƙalawa guda biyu da ake murɗawa da hannu sun isa ƙaramin inji, amma mai doki 40 sai an huda allo an ɗaure shi da noti, a sa faffaɗan washa ko farantin ƙarfe daga ciki don kada notin ya nutse cikin katako, a toshe ramukan da kyau don kada ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da allon. Sannan sarƙa ko igiya mai ƙarfi daga inji zuwa jikin jirgi.

Yanzu maganar doki 40 ɗin kanta. Kada ka ɗauka ƙarfi ya ninku sau uku, gudu ma zai ninku haka. Jirgin faiba mara nauyi in ya samu ƙarfi yakan ɗago ya hau kan ruwa yana sulɓi. Jirgin katako mai lodi ba ya hawa, ture ruwa yake yi da ƙirjinsa, kuma irin wannan jirgi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Da ka kusanci wannan iyaka, duk totur ɗin da ka ƙara gindin jirgi kawai zai ƙara nutsewa, goshi ya ɗaga, igiyar ruwa ta yi girma a bayanka, gudun kuwa ɗan kaɗan zai ƙaru. A lissafin masu ƙera jiragen ruwa, ninka gudu sau biyu a irin wannan jirgi na neman ƙarfi kusan sau takwas. Mai kuwa ba ya jiran lissafi. Doki 15 in an buɗe masa wuta duka yana shan lita 7 da ɗoriya a awa, doki 25 wajen lita 11, doki 40 kuwa wajen lita 20. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu masuncin da sai an yi masa bayanin abin da lita 20 a awa ke nufi.

To ina amfanin babban inji? Amfaninsa shi ne kada ka buɗe shi duka. Doki 40 da ke tafiya a rabin totur zuwa kashi biyu cikin uku yana tura lodin ranar kasuwa ba tare da wahala ba, yana daɗewa, kuma ranar da hadari ya taso maka a tsakiyar tafki, ko ka shiga inda kogi ke da ja, kana da ragowar ƙarfi a hannu. Ra'ayina a kan jirginka: in su ne aikinka na kwana shida, lodi kwana ɗaya, doki 25 ya ishe ka, kuma za ka iya kinkimarsa kai da yaronka ku kai gida da dare, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da ake satar inji. In lodin ne ke ciyar da gida, ko kana da niyyar komawa jigila, sayi 40 ɗin, amma bayan an gyara allo.

Za a ce maka ka sayi mai bugu huɗu, wato irin wanda ba a gauraya masa mai, yana da wurin baƙin mai daban kamar injin mota. Gaskiya ne ya fi tsimin fetur, ba hayaƙi, ba ƙara. Sai dai ya fi nauyi, mai doki 40 ɗinsa ya doshi kilo 100, ya fi tsada, yana son juye duk bayan awa 100, in an kwantar da shi ta gefen da ba daidai ba baƙin mai ya malale cikin silinda. Sababbin kuma da kwamfuta suke raba mai, gurɓataccen fetur na jarka ba ya yi musu daɗi ko kaɗan, in kuma suka tsaya ba kowane bakanike ne zai taɓa ba. Abin da ya sa Enduro mai bugu biyu ya cika ruwayenmu daga Yauri har Baga ba wai ya fi kowa fasaha ba ne. Kafireto ne, fulogi biyu, igiyar ja. Bakaniken babur mai hankali ma zai iya tayar maka da shi, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwa. Haka Suzuki da Tohatsu masu bugu biyu, injuna ne masu ƙwari. Na China irin su Parsun sun fi araha, da yawa daga cikinsu kwaikwayon tsarin Yamaha ne har wasu kayan sukan shiga juna. Tambayar da za ka yi kafin ka biya kuɗi ɗaya ce: in robar famfo ko kwayil ta mutu yau, a wace kasuwa zan samu gobe? In amsar ita ce sai an aika Legas ko Onica, ka yi tunani sau biyu.

In ɗan kwatano za ka saya, zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ka tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Kada fenti ya ruɗe ka, fenti da sitika su ne mafi araha a jikin inji. A sa shi cikin duro cike da ruwa, a tayar da shi yana sanyi. In ka taɓa ka ji da ɗumi, an riga an tayar kafin ka zo, ka tambayi dalili. Duba fitsarinsa, wato siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya, ya fito da ƙarfi ba ɗigo-ɗigo ba. A auna matsin kowace silinda da agogon awo, in bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai magana a ringi ko fistin. A kwance notin man giya na ƙasa a ɗiga kaɗan a tafin hannu: in ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa na shiga, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, haƙoran giya ne ke cin juna. Juya farfela da hannu kana kallon sandar da take kai, in tana rawa ta taɓa dukan dutse ko kututture. Wanda duk ya tayar maka da inji a busasshiyar ƙasa don ya nuna maka lafiyarsa, a gabanka ya ƙona robar famfon, domin daƙiƙu kaɗan take yi ba ruwa ta lalace. Sai lambar inji, tana kan ɗan faranti a jikin maƙalin. In an kankare ta ko an cire farantin, ka bar musu kayansu komai arahar. A rubuta maka rasit da lambar a ciki, da shaidu, in da hali sarkin ruwan yankinku ya san da cinikin.

Haruffan da ke bayan lambar doki ma suna magana, kuma a nan ne tambayarka ta biyu ta shigo. A tsarin Yamaha, M na nufin tayarwa da igiya, H na nufin mai hannun tuƙi, E tayarwa da batir, W yana da duka biyun, S gajeriyar ƙafa, L doguwa. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai MH, igiya da hannu. Ana iya mayar da shi na sitiyari, amma sai an sayi ƙarin kayan haɗi, kuma ba kullum ake samunsu ba. In ka tabbata sitiyari kake so, tun farko ka nemi wanda aka yi don haka, ya fi maka sauƙi da araha a kan ka sayi mai hannu ka dawo kana faci.

Amma tsaya mu yi maganar ko kana buƙatarsa. Sitiyari a jirgin faiba yana da kyan gani, ban musa ba. Sai dai ka tuna yadda aikinka yake. Kana zuba taru ko kana bin mamari ƙugiya-ƙugiya, kana son juya jirgi nan take, hannun tuƙi yana kai inji daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙiftawa, sitiyari kuwa sai ka murɗa shi zagaye uku ko fiye. Ka shiga burgu ko kainuwa ta naɗe farfela, mai hannu yana zaune kusa da inji, zai kashe, ya ɗaga ƙafa, ya warware, ya ci gaba. Mai sitiyari sai ya tsallake raga da kwanduna ya dawo baya. Ga akwatin da za a kafa a tsakiyar jirgi, daidai inda kake tara raga, ga wayoyi uku da za su bi gefen jirgi suna neman abin da za su maƙale. Duk abin da ka ƙara a jirgi, ka ƙara abin da zai lalace ranar da kake tsakiyar ruwa.

Inda sitiyari ke biyan kuɗinsa shi ne dogon jirgi mai lodi. Buhuna sun taru a gabanka, goshi ya ɗaga, kai kana can baya a ƙasa ba ka ganin abin da ke gaba sai yaro ya riƙa yi maka nuni da hannu. Tafiyar awa biyu ko uku riƙe da hannun doki 40 kuma tana gajiyar da kafaɗa, domin farfela na jan inji gefe guda koyaushe. A nan komawar matuƙi tsakiya tana gyara zaman jirgi a ruwa, tana ba shi gani. In matsalarka gani ce kawai, akwai hanya mai araha: a ƙara wa hannun tuƙi tsawo da bututu mai ƙwari wanda ya kama shi tsam, ka tuƙa daga ɗan gaba. Yana aiki a ruwa mai kwanciya da gudu kaɗan. Ban yarda da tuƙi a tsaye da shi cikin iska ba.

In ka yanke shawarar sawa, ga yadda abin yake. Na doki 40 sitiyarin kebul ya wadatar, ba ka buƙatar na haidurolik, wannan na manyan injuna ne masu doki ɗari da wani abu. Irin na da, mai igiya da kura-kurai da ake zagayawa gefen jirgi, ka rabu da shi, ranar da igiyar ta tsinke ko ta zame inji zai karye gefe guda da cikakken gudu. Na kebul abu uku ne: kan da ke bayan sitiyari, kebul mai kauri guda ɗaya, da ɗan sandan da ke haɗa bakin kebul da inji. Kebul ɗin ba a yanka shi, ba a ƙara shi, saboda haka awo ne komai. Auna daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan zuwa allon baya, daga nan zuwa tsakiyar inji. Haɗa su, ƙara inci 6 in zai bi ta cikin bututun da inji ke ɗagawa a kansa, sannan ka cike zuwa taku na gaba, domin taku-taku ake sayar da shi, kowane taku inci 12 ne. Kada a lanƙwasa shi lanƙwasa mai tsanani, kowace kwana ta yi faɗin da bai gaza inci 8 daga tsakiyarta ba, kuma iya ƙarancin kwanoni iya laushin sitiyari.

Ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, don su jiragen faiba masu faɗin baya suka sani. Bakin kebul ɗin sanda ce miƙaƙƙiya da ta fi kamu ɗaya tsawo, ta gefe take shiga bututun, kuma tana leƙowa ta ɗaya gefen in an juya. Jiragenmu na katako da yawa bayansu a tsuke yake. Sau da yawa babu filin da kebul zai yi kwana ya shiga, sai an huda gefen jirgi ko an sake fasalin bayan. Je ka auna wannan filin kafin ka sayi komai. Kuma a zura kebul ɗin kafin a ɗaure inji da noti, in ba haka ba za ku sake sauke shi. Notocin sandan haɗi dole su zama masu kulle kansu, waɗanda ke da roba a ciki. Noti na gama-gari girgiza za ta kwance shi, kuma in wannan sanda ta fita, sitiyarin da ke hannunka ya zama abin wasan yara. A shafe sandar da giris mai jure ruwa, a riƙa gogewa ana sabuntawa, in aka bar ta damina guda ba kulawa sai ta ƙage a cikin bututun.

Akwatin giya kuma, wanda aka fi sani a Yamaha shi ne 703, ana kafa shi a gefe. Kebul biyu ke fita daga cikinsa, na totur da na giya, sai damin wayoyin wuta na makulli. Awonsu daga akwati ne zuwa tsakiyar inji ta hanyar da za su bi, a ƙara taku 4 don su yi lanƙwasa a gaban inji, ya samu damar juyawa da ɗagawa ba tare da ya ja su ba. Wurin saiti ne ake kuskure. A sa hannun akwati a firi, a sa giyar inji a firi, sannan a murɗa bakin kebul har ramin ya zo daidai da ƙusar da zai shiga ba tare da an ja ko an tura ba. In aka saita shi a karkace, giya ba za ta shige duka ba, za ka riƙa jin ƙar-ƙar-ƙar, wannan ƙarar kuwa haƙoran kulocin ne ke gugar juna har su lalace. Shi ya sa ma ake shigar da giya da sauri a bugu ɗaya, inji yana silo, ba a lallaɓa ta. A tabbata kuma inji ba ya tashi sai a firi. Gwajin farko a yi shi jirgi na ɗaure a gaci: gaba, firi, ribas, sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, a ga in an murɗa dama jirgi dama yake nufa. Kada ka yi dariya, na ga wanda aka haɗa a juye.

Cikin duk kayan sarrafa jirgi, wanda ya fi kowanne araha shi na fi damuwa da shi: jar igiyar nan mai murɗe-murɗe ta kashe inji. Gefe ɗaya a maɓalli, ɗaya a wuyan hannunka ko ƙafarka. In ka faɗa ruwa ta fizge, inji ya mutu. In babu ita, inji mai hannu yakan karye gefe, jirgi ya riƙa zagaye yana dawowa daidai inda ka faɗa da farfela tana juyawa. Abin da nake gani kullum shi ne an naɗe ta a jikin inji, ko ta ɓata an ɗaure maɓallin da roba ko waya. Sayi biyu, ɗaya a jikinka, ɗaya a ɓoye cikin jirgi inda yaronka ya sani, don in ka faɗa da taka ya iya tayarwa ya dawo ya ɗauke ka.

Abu na biyu da zan sa kafin sitiyari shi ne ɗan agogon da ke nuna juyin inji da awannin aikinsa, irin wanda ake naɗa wayarsa a wayar fulogi, ba ya buƙatar batir na jirgi. Da shi ake zaɓen farfela. Irin waɗannan injuna ana so in an buɗe wuta duka, da lodin da ka saba ɗauka, juyin ya tsaya tsakanin 4500 da 5500 a minti. In bai kai ba, farfelar ta yi wa jirgin nauyi, kamar hawa tudu da giya ta huɗu, inji na cin mai yana tara gawayi yana cin kansa. A jikin farfela akwai lamba biyu, ta farko faɗi, ta biyu tsawon takunta, wato nisan da take ci gaba a juyi ɗaya. Rage inci ɗaya a ta biyun yana ƙara juyi da kamar 150 zuwa 200. Farfelar da ke zuwa da sabon inji galibi ta jirgi mara nauyi ce, jirgin katako mai lodi yana son mai gajeren taku. Ka ajiye ta biyu a jirgi tare da noti da fin da sifana. Kuma duk mako ka cire farfela ka duba bayanta: zaren raga da na ƙugiya yana naɗewa a nan, ya yanke robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Wannan ɗan zaren ya kashe giyoyi fiye da kututture.

Na uku filta mai raba ruwa da fetur, a tsakanin tanki da inji. Wanda ke sayen mai a jarka a bakin ruwa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan wannan.

In ka ɗauki mai tashi da makulli, batir ya shigo, mai wajen 70Ah, a cikin akwati mai murfi, a ɗaure, a ɗaga shi daga inda ruwa ke taruwa, nesa da tankin mai. Fis kusa da kan batir. Kada a cire wayar batir inji na aiki, yana ƙona abin cajin. Wutar da waɗannan injuna ke bayarwa kaɗan ce, wajen amfiya 6, ta isa ta mayar da abin da tayarwa ta ci da ƙananan fitilu, ba za ta ɗauki fitilar haska ruwa da famfon kwashe ruwa da cajin wayoyin unguwa ba. Ƙaramin faifan sola ya fi maka. Fitilun gefe ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Na'urar ganin zurfi da kifi tana da amfani a tafki irin Kainji, ko don sanin inda tudu da itatuwa suke, amma ta jira sai aljihu ya huce. Wayar hannunka ma tana iya ajiye maka alamar wuraren da ka san akwai kututture. Ranar lodi kuma ka tuna hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta rigar kariya. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse da fasinjoji kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba. Babban inji yana sa mutum ya ga kamar jirgi ma ya ƙara girma, alhali bakin jirgin yana nan inda yake.

Sabon inji yana da horo na awa 10. A wannan lokaci ana ninka man gauraye: lita 1 a jarka mai lita 25. Minti goma na farko silo kawai, ragowar awar farko kada ka wuce rabin totur, awa biyu na gaba kashi uku cikin huɗu kana sassauyawa, sauran awannin kana iya buɗewa amma kada ya wuce minti biyar a jere. Bayan nan ka koma rabin lita a jarka mai lita 25, wato 50 da 1, sai in littafin injinka ya faɗi wani abu daban. Man ya zama na injin ruwa mai alamar TC-W3. Baƙin man mota ko wanda aka juye daga janareto yana toshe ringi da fulogi, na babur kuma an yi shi ne don inji mai sanyaya da iska wanda ya fi zafi. Da horo ya ƙare a juye man giya, lamba 90, ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, daga nan duk awa 100. Robar famfo sau ɗaya a shekara, ko da ba ta nuna komai ba, domin ruwan damina mai yashi yana cinye ta da wuri.

Ko za ka iya haɗawa da kanka? Ɗora inji, ɗaure shi, sa filta da agogo, duk za ka iya in kana da mai taimako da haƙurin awo. Saitin kebul na giya da haɗa wayoyin makulli ka bar wa wanda ya taɓa yi, ka tsaya a kansa kana kallo don gobe. Tsohon mai doki 15 kuma kada ka yi saurin sayar da shi a kuɗin ƙarfe. In matsinsa da saura, a sauya masa ringi da robar famfo a wanke kafireto, ya zama na zuwa duba raga da safe, babban ya huta sai ranar kasuwa.